Tarihin Zaɓe a Mazaɓar Birnin Zariya ta Majalisar Dokokin Jihar Kaduna

1.0 Gabatarwa

A duk bayan shekara huɗu, mutanen cikin birnin Zariya kan fito su zaɓi mutum guda da zai zauna a madadinsu a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. Wannan kujera ɗaya ce daga cikin kujeru 34 na majalisar, kuma ita ake kira Mazaɓar Birnin Zariya. Idan aka kwatanta ta da kujerar gwamna ko ta shugaban ƙasa, jama'a ba su cika ɗaukar ta a bakin komai ba. Akan sami mai jefa ƙuri'a da zai faɗi jam'iyyar da ya dangwala wa yatsa, amma a tambaye shi sunan wanda ya zaɓa ya yi shiru.

Wannan babi zai bi diddigin yadda wakilcin birnin ya samo asali, da hannuwan da suka yi ta juya shi tun daga zamanin En'e har zuwa zaɓen 2023. Abin da ɗalibi zai lura da shi shi ne, sau da yawa kafin ranar kaɗa ƙuri'a ta zo an riga an yanke hukuncin wanda zai hau kujerar. Da farko fada ce ke yanke wannan hukunci. Daga baya sai al'amarin ya koma hannun guguwar zaɓen sama da kuma zaɓen fid da gwani na jam'iyyu.

2.0 Ma'anar Mazaɓa da Iyakokin ta Birnin Zariya

Kalmar "mazaɓa" ginin Hausa ce tsantsa. An samo ta daga aikatau "zaɓa", aka yi mata ɗafa-goshin "ma-" mai nuna wurin da ake yin aiki, kamar yadda aka sami marina da majema da mahauta da makaranta. Ke nan mazaɓa na nufin wurin da ake zaɓe. Sauran manyan kalmomin wannan fage kuwa, wato majalisa da jam'iyya da wakili da siyasa da ƙuri'a, duk aro ne daga Larabci. Ita "ƙuri'a" tana da abin sha'awa, domin asalin ma'anarta ita ce abin da ake jefawa don a raba gardama, wanda ya faɗo wa shi ke nan ya samu. Wato sa'a ce, ba zaɓi ba. Sai da siyasar zamani ta zo aka faɗaɗa ma'anar kalmar ta ɗauki takardar da mutum ke bayyana ra'ayinsa da ita.

Akwai ruɗani guda da ya kamata malamin Hausa ya sani. A bakin jama'a, kalmar mazaɓa kan ɗauki yankin sanata, da na ɗan majalisar tarayya, da na ɗan majalisar jiha, da na kansila, har ma da rumfar da ake jefa ƙuri'a. Don kauce wa wannan, a cikin babin nan za a kira yankin kansila "gunduma", a kira wurin jefa ƙuri'a "rumfa" ko "akwati", a bar "mazaɓa" ga yankin ɗan majalisa.

Ƙaramar Hukumar Zariya tana da gundumomi 13, an kuma kasa su gida biyu. Shida daga ciki, wato Kwarbai A da Kwarbai B da Kaura da Limancin Kona da Unguwar Juma da Unguwar Fatika, su ne suka haɗu suka ba da Mazaɓar Birnin Zariya. Sauran bakwai ɗin, wato Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur da Kufena da Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba, su ne Mazaɓar Zariya Kewaye. Sunan kansa ya bayyana komai: akwai birni, akwai abin da ya kewaye shi. Galibin mazaɓar birni tana cikin tsohuwar ganuwa ne, wadda ake shiga ta ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. Idan aka haɗa mazaɓun biyu kuma, sai su ba da kujera ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Wannan ya sa mazaɓar ta bambanta da maƙwabtanta. Sabon Gari da Tudun Wada matattarar baƙi ce da Turawan mulkin mallaka suka tsara a wajen ganuwa. Cikin birni kuwa mazaunin fadar Zazzau ne da gidajen sarauta huɗu, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, sannan ga tsofaffin gidajen malamai da alƙalai da limamai, musamman a unguwanni irin su Kona da Juma. A irin wannan wuri, da wuya a tsayar da ɗan takarar da ba a san gidan da ya fito ba. Kafin a tambayi abin da zai yi, akan fara tambayar ɗan wane ne.

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, alhakin shata mazaɓu. Sashe na 91 ya ce kujerun majalisar jiha kada su gaza 24, kada kuma su wuce 40. Sashe na 113 ya nemi yawan jama'ar mazaɓu ya yi kusan daidai da juna, sashe na 114 kuma ya yi tanadin sake duba iyakoki bayan aƙalla shekara goma. Duk da haka, shatar da aka yi a 1996 ita aka ci gaba da amfani da ita har zaɓen 2023, alhali ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Ƙaramar Hukumar Zariya sun haura 400,000, sun kuma ci gaba da ƙaruwa.

3.0 Zamanin En'e: 1946 zuwa 1966

Majalisar dokoki irin ta zamani ta shigo Arewa ne da Tsarin Mulkin Richards na 1946, wanda ya kafa Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa da Majalisar Sarakuna a Kaduna. Zauren Lugard da waɗannan majalisu suka riƙa zama, shi ne dai Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta gada. A wancan lokaci ba a yi wani zaɓe na jama'a ba. Hukumomin En'e ne ke tsamo wakilan larduna daga cikin ma'aikatansu.

Zariya ba baƙuwa ba ce ga farkawar siyasa. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan Malam Sa'adu Zungur ya koyar, ya kuma tara matasa masu ilmin boko suna tattauna al'amuran ƙasa. Ɗaya daga cikin tarurrukan 1948 da suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa a Zariya aka yi shi, ƙarƙashin jagorancin Dokta R.A.B. Dikko. Wannan ƙungiya ce ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC a 1951, bayan an kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950.

Zaɓen farko, na 1951, hawa-hawa aka yi shi. Maza masu biyan haraji ne kaɗai ke taruwa a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai. Waɗannan su haɗu da takwarorinsu su sake tace wasu, a yi ta tafiya haka har a kai matakin lardi, inda ake fitar da waɗanda za su tafi Kaduna. Bugu da ƙari, doka ta ba En'e ikon cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, a mataki na ƙarshe. Saboda haka ko da 'yan adawa sun yi nasara a unguwa, kafin a kai lardi an tankaɗe su. Wannan shi ya faru ga NEPU a wurare da dama. Daga cikin waɗanda suka wakilci Lardin Zariya a wannan zubi akwai Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

A hankali aka yi ta rage matakan, har aka kai ga zaɓen kai-tsaye a duk faɗin Arewa a zaɓen tarayya na 1959 da na Majalisar Jihar Arewa na 1961. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyya: fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU. Mai zaɓe ya shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takarda a wanda yake so. Daga nan ne kalmar "akwati" ta samu gindin zama a Hausar siyasa, har yau ake cewa wane "ya kawo akwatinsa" ko "ya faɗi a akwatin ƙofar gidansa".

Sai dai sirrin ɗakin zaɓe bai hana a san ra'ayin mutum ba. 'Yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna hannun En'e, haka ma ba da izinin yin lacca. Mai unguwa shi ke karɓar haraji, ya kuma san kowane magidanci da inda yake zuwa hira. Ga mazaunin cikin birni, shiga adawa na nufin jayayya da maƙwabci da suruki da kuma ubangidan da ake ci a ƙarƙashinsa. Shi ya sa muryar NEPU ta fi tashi a wajen ganuwa, musamman Sabon Gari, inda Hajiya Gambo Sawaba ta fito ta sha ɗauri da duka saboda ra'ayinta. Abin mamaki shi ne, duk wannan gwagwarmaya ta yi ta ne a lokacin da ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a, domin matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a 1976. Yau babban asibitin da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. A ɓangaren NPC kuwa, fitaccen ɗan birnin da ya yi zarra shi ne Malam Nuhu Bamalli, wanda ya kai matsayin ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Farko, ya kuma riƙe sarautar Magajin Garin Zazzau.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rufe wannan majalisa. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Tsakiyar Arewa, wadda ta haɗa lardunan Zariya da Katsina, aka sauya mata suna zuwa Jihar Kaduna a 1976. A tsakanin waɗannan shekaru aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa rushe ta.

4.0 Jamhuriya ta Biyu: Lokacin da Majalisa ta Nuna Ƙarfinta

Duk wanda ke ganin kujerar majalisar jiha ƙaramar aba ce, ya kamata ya yi nazarin abin da ya faru a Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981.

A 1979 an yi zaɓe sau biyar, kowanne da ranarsa. An fara da na dattawa ranar 7 ga Yuli, sai na wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28, sannan aka rufe da na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Wato an zaɓi 'yan majalisar jiha tun ba a san wanda zai zama gwamna ko shugaban ƙasa ba. Wannan ne kuma babban zaɓe na farko da matan birnin Zariya, har da na cikin kulle, suka fito suka yi layi.

Majalisar tana da kujeru 99 a lokacin, domin Katsina na cikin jihar. NPN ta sami 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN kuma 3. Amma mako ɗaya bayan haka, sai jama'ar jihar suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Aka wayi gari gwamna na jam'iyya ɗaya, majalisa na wata. Gwamnan ya soke haraji da jangali, ya kuma ɗauki matakan da suka taɓa masu sarauta da manyan 'yan boko na jihar. Majalisa, ƙarƙashin Kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta yi ta mayar masa da sunayen kwamishinonin da ya aika, har ya yi mulkinsa duka ba shi da majalisar zartarwa. Ranar 23 ga Yuni, 1981 aka tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya ƙarasa wa'adin. Ita kanta PRP a lokacin ta dare gida biyu, 'yan santsi masu bin gwamnoni da 'yan taɓo masu bin Malam Aminu Kano, kalmomi biyu da suka shiga Hausa daga wannan rikici.

Masana sun sha bamban a kan wanda ya fi laifi tsakanin gwamnan da majalisar. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, tsige gwamna na bukatar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, don haka kowace kujera guda tana da nauyi a ranar da aka zo ƙidaya hannu.

A 1983 aka juya jerin zaɓen. Aka fara da na shugaban ƙasa ranar 6 ga Agusta, aka bar na majalisun jihohi a ƙarshe. Da aka bayyana NPN ta ci sama, sai sauran zaɓuɓɓukan suka bi sahu, Lawal Kaita ya zama gwamna. Bai wuce wata uku a kan mulki ba sojoji suka karɓe ranar 31 ga Disamba, 1983. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne, wanda ya tsara jerin ranakun zaɓe ya riga ya yi rabin aikin.

5.0 Jamhuriya ta Uku

An cire Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. A zaɓen 14 ga Disamba, 1991 jam'iyyu biyu ne kacal, NRC da SDP, waɗanda gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙira. An yi zaɓen ne a bayyane, masu zaɓe su yi layi a ƙirga su, abin da Hausawa suka laƙaba wa "ƙato bayan ƙato". A wuri irin cikin birni, inda kowa ya san kowa, tsayawa a layin da ba na ubangida ba sai mai ƙarfin hali. Alhaji Dabo Lere na NRC ya zama gwamna, amma majalisar ba ta cika shekara biyu ba Janar Abacha ya rushe ta a Nuwamba 1993. Waɗanda aka zaɓa a Disamba 1997 kuwa ko rantsar da su ba a yi ba.

6.0 Daga 1999 zuwa 2023: Zamanin "Sak"

PDP ta riƙe gwamnatin Jihar Kaduna shekara 16, daga Ahmed Muhammad Maƙarfi a 1999 har zuwa Mukhtar Ramalan Yero a 2015. Amma tun daga 2003, lokacin da marigayi Janar Muhammadu Buhari ya shiga takarar shugaban ƙasa a ANPP, zuciyar talakan Zariya ta karkata wajensa. A nan ne kalmar "sak" ta sami sabuwar ma'ana. Asalinta kalmar amsa-kama ce mai nuna miƙewa ba karkata, kamar a ce "ya miƙe sak". A siyasa sai ta koma nufin a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ba tare da duba ko wane ne ɗan takara ba. Kishiyarta ita ce "cancanta", wato a duba mutum. Wanda ya zaɓi wata jam'iyya a sama, wata a ƙasa, shi aka ce ya yi "wake da shinkafa". Akwai kuma kiran "a kasa, a tsare, a raka", wanda ke umurtar masu zaɓe kada su bar rumfa sai an ƙirga, su kuma bi sakamakon har inda za a tattara.

A 2007 manyan 'yan takarar gwamna biyu, Muhammad Namadi Sambo na PDP da Sani Sha'aban na ANPP, duk daga ƙasar Zariya suka fito. Namadi ya yi nasara, ya kuma zama mataimakin shugaban ƙasa a 2010. Zaɓen 2011 shi ne mafi muni. Bayan an bayyana sakamakon shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu, tarzoma ta ɓarke a Zariya da Kaduna da Kafanchan da Zonkwa da wasu garuruwan Arewa, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. Dole ta sa aka ɗage zaɓen gwamna da na majalisar jiha a Kaduna da Bauci daga 26 zuwa 28 ga Afrilu. A wannan shekara ce Abbas Tajuddin, ɗan unguwar Kwarbai, ya ci kujerar tarayya ta Zariya a jam'iyyar Buhari ta lokacin, wato CPC. Ya sake cin ta a APC a 2015 da 2019 da 2023, ya kuma zama Kakakin Majalisar Wakilai ranar 13 ga Yuni, 2023.

Zaɓen 2015 shi ya fi fito da ƙarfin guguwa fili. Gwamna mai ci, Mukhtar Ramalan Yero, wanda ya hau bayan rasuwar Patrick Yakowa a haɗarin jirgi a Disamba 2012, haifaffen Unguwar Kaura ne, a tsakiyar wannan mazaɓa. Bisa tsohuwar al'adar birni, ɗan gida ba ya faɗuwa a gida. Amma an yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 28 ga Maris, Buhari ya ci, sannan aka zo na jiha ranar 11 ga Afrilu. Malam Nasiru El-Rufa'i na APC ya sami ƙuri'a 1,117,635, Yero ya sami 485,833, Zariya kuma ta bi tsintsiya. Zumunta da maƙwabtaka, waɗanda suka riƙe siyasar birni tun zamanin En'e, ba su iya tare wannan iska ba.

Haka aka maimaita a 2019: zaɓen sama ranar 23 ga Fabrairu, na jiha ranar 9 ga Maris. Sulaiman Ibrahim Dabo ya ci kujerar Birnin Zariya a APC. Kafin wa'adin ya ƙare ya sauya sheƙa zuwa PDP, ya nemi kujerar tarayya a 2023, ya kara da Abbas Tajuddin, bai yi nasara ba. Sashe na 109 na Tsarin Mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu. A aikace, a duk faɗin ƙasar nan, ba a cika zartar da wannan ba.

Shekarar 2023 ta zo da sauyi, domin babu sunan Buhari a takardar zaɓe. Ranar 25 ga Fabrairu PDP ta cinye kujerun dattawa uku na jihar, Atiku Abubakar kuma ya fi kowa ƙuri'a a Kaduna, duk da cewa Bola Tinubu na APC ne ya ci ƙasa baki ɗaya. An ɗage zaɓen jiha daga 11 zuwa 18 ga Maris don a sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Uba Sani na APC ya tsallake da ƙyar, da ƙuri'a 730,002 a kan 719,196 na Isa Ashiru. Kujerar Birnin Zariya ta tsaya a APC, Barista Mahmud Lawal Isma'ila ya hau.

Don a gane bambancin zaɓen guguwa da wanda ba guguwa, sai a dubi maƙwabta. A Yuni 2021 an yi zaɓen cike gurbi a Mazaɓar Sabon Gari, bayan majalisa ta bayyana kujerar tsohon Kakakinta Aminu Abdullahi Shagali a matsayin wadda babu kowa a kai. Zaɓen ya zo a daidai lokacin da ake kukan sallamar ma'aikata da ƙarin kuɗin manyan makarantun jiha. Ba shugaban ƙasa a takarda, ba gwamna. PDP ta ƙwace kujerar daga jam'iyya mai mulki. Amma a zaɓen cike gurbi na 16 ga Agusta, 2025 a Zariya Kewaye da Basawa, APC ce ta riƙe kujerun biyu. Ke nan idan guguwa ta kwanta, sakamako kan dogara ne ga halin da jama'a ke ciki da kuma yawan waɗanda suka damu su fito, kuma a irin wannan zaɓe masu fitowa kaɗan ne.

7.0 Zaɓen Fid da Gwani

Idan har jama'a za su yi sak, to duk wanda ya sami tikitin jam'iyya mai tashe ya riga ya hau kujera. Saboda haka ainihin kokawar takan koma zaɓen fid da gwani. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta amince da hanyoyi uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe, zaɓen wakilai, waɗanda aka fi sani da daliget, da kuma masalaha, inda 'yan takara ke janye wa mutum guda. A mazaɓa mai gunduma shida, daliget ba su da yawa, ɗaki ɗaya ya ishe su. Mutanen da ɗaki ɗaya zai ɗauke kuwa ba su da wuyar lallashi ga mai kuɗi ko mai mulki. Masalaha kuma sau da yawa suna ne mai daɗi da ake ba abin da jama'a ke kira "ɗauki-ɗora". Idan aka duba da kyau, za a ga kama tsakanin wannan da matakin lardi na 1951: taron mutane ƙalilan ne ke tace wanda dubbai za su tabbatar. Abin da ya sauya shi ne mai riƙe da rariyar.

Sharuɗɗan tsayawa takarar ba su da tsauri. Sashe na 106 ya nemi mutum ya zama ɗan ƙasa, mai ilmin da ya kai matakin sakandare, wanda jam'iyya ta tsayar. Shekarun da ake bukata 30 ne, gyaran 2018 ya rage su zuwa 25. Wato mai takardar NCE da ya cika shekara 25 ya cancanci neman kujerar. Sashe na 110 kuma ya ba masu zaɓe ikon yi wa wakilinsu kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sharaɗin da ya sa abin ya zama kusan ba ya yiwuwa.

8.0 Abin da Kujerar ke Iya Yi

Mutanen birni sun fi auna ɗan majalisarsu da abin da ya raba: taki, kekunan ɗinki, kuɗin jarrabawa, gudummawar biki da ta asibiti. Waɗannan ba sa cikin aikin da doka ta ba shi. Aikinsa shi ne yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da tantance kwamishinoni, da bincikar yadda ake kashe dukiyar jiha kamar yadda sashe na 128 ya tanada. Hatta dokar da ake naɗa sarakuna da hakimai da ita, majalisar jiha ce ke yin ta. A 1951 fada ce ke tsamo wanda zai tafi majalisa. A 2020, bayan rasuwar Sarkin Zazzau Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 a gadon sarauta, gwamnatin jiha ce ta sanar da naɗin Ahmed Nuhu Bamalli, bisa dokar jiha.

Wannan ya shafi malamin makaranta kai-tsaye. Kasafin da ake gyara azuzuwan firamare na Kaura ko Limancin Kona da shi, ta gaban majalisa yake bi. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, ta ɗauki wasu. A 2021 aka ƙara kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, a 2023 sabuwar gwamnati ta rage. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko yana adawa da su, zauren da doka ta tanada don a tambayi gwamnati dalili da hujja shi ne majalisa, kuma bakin da birnin Zariya ke da shi a wannan zaure guda ɗaya ne. Wakilin da guguwa ta kawo, wanda kuma ya san tikitinsa na gaba yana hannun gwamna, da wuya ya buɗe wannan baki.

Har wa yau, INEC kan ɗauki masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban manyan makarantun tarayya aikin wucin gadi a ranar zaɓe, yawancin rumfuna kuma a harabar makarantun firamare da ƙofar gidajen masu unguwanni suke. A 2021 hukumar ta ƙara yawan rumfunan ƙasar zuwa 176,846. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗalibin kwalejin ilmi ya sami kansa zaune a bayan tebur a Kwarbai ko Unguwar Juma, yana tantance masu zaɓe, yana ƙirga takardu a gaban wakilan jam'iyyu, yana rubuta adadin a takardar sakamako da hannunsa kafin a liƙa kwafinta a bango.